Robar da aka bari a ƙodar maigidana ta wuce wa'adi, zazzaɓi kuma ya ƙi barinsa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana sayar da atamfa da shadda a Kwari, shekarunsa 47, kuma yana da ciwon suga. Saura wata ɗaya a kama azumi aka yi masa aikin cire tsakuwa a ƙodarsa ta hagu a wani asibitin kuɗi. Ba a yanka shi ba, ta gaba aka bi da na'ura. Da za a sallame mu likita ya ce ya bar wata siririyar roba a ciki, mu dawo bayan mako huɗu a cire. To ga azumi, ga hidimar Sallah, ga kasuwa, shi kuma ya ji sauƙi, sai ya ce a bari tukuna. Yanzu ga layya ta ƙarato, wata huɗu ke nan. Sau biyu a watan nan yana yin zazzaɓi mai zafi da rawar sanyi. Na farko mai kemis ya ce maleriya ce, na biyu ya ce taifot, ya yi masa allurai da ƙarin ruwa a gida. Fitsarinsa ya yi kauri, yana wari. Abin da ya fi ci mini rai, Hajiyarsu ta ce ciwon sanyi ne kuma a wurina yake ɗauka, har ta aiko mana da jarkar magani mu sha mu biyu. Shi kuma da na ɗauko maganar asibiti sai ya ce kuɗi kawai suke so. Don Allah robar ce take jawo masa wannan? Ko ni ce nake sa masa? Yaya zan yi da shi?

Maman yara, daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri da wannan ɗawainiya.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Mutumin da ke da roba a ƙoda, ya yi zazzaɓi da rawar sanyi, asibiti ne wurinsa a ranar, ko da tsakar dare ne. In a daidai lokacin da kike karanta wannan amsa jikinsa da zafi, ko yana amai, ko kwiɓinsa na hagu yana masa ciwo sosai, ki ajiye wayar ki nemo wanda zai kai ku sashen gaggawa. Sauran bayanin yana nan, kya dawo ki same shi. In kuwa yau lafiya lau ya tashi har ya fita kasuwa, to kina da kwana ɗaya ko biyu na lallashi. Ba ki da mako.

Sai tambayar da na ga ta fi tsaya miki a wuya. A'a, ba ke ba ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa miki dalla-dalla. Kalmar nan ta "sanyi" mun mai da ita buhun da ake zuba komai: ƙaiƙayin mata sanyi, ciwon mara sanyi, cutar da ake ɗauka ta wurin saduwa sanyi, fitsari da zafi sanyi. Da an ce sanyi kuma sai a waiwayo a kalli mace. Amma cutar da ke kama mai roba a ƙoda daban take. Ƙwayoyin da suka fi haddasa ta, irin su Ikolai da Kilebsiyela da Entarokokas, mazauna hanjin mutum ne. Kowa yana ɗauke da nasa, shi ma maigida yana da nasa. Daga fatar jikinsa suke samun hanya su shiga mafitsara, su tarar da roba, su kama ta. Wanda bai taɓa aure ba ma in aka sa masa robar nan ya bar ta wata huɗu, abin da zai same shi ke nan. Ba ke kika ba shi ba, kuma shi ma ba zai ba ki ba. In ke a karan kanki kina jin wani abu a jikinki, ki ga likitar mata a duba ki saboda kanki. Amma kada ki sha ƙwaya ko ɗaya saboda ciwonsa.

To mece ce robar? Na san ba a nuna muku ita ba, kuma rashin ganin nan yana cikin abin da ke sa mutane mantawa da ita. Ta sha bamban da robar fitsari da aka saba gani, wadda ake haɗa wa leda a rataye a gefen gado. Wannan duk a ciki take. Kowace ƙoda tana da siririn bututu da ke sauko da fitsari zuwa mafitsara, tsawonsa kamar santimita 25 zuwa 30 a jikin babba. Idan aka bi ta cikinsa da na'ura aka fasa tsakuwa, bututun kan kumbura, wani lokaci har ya toshe, ga kuma ɓurɓushin tsakuwa da ke neman hanyar fita. Sai likita ya zura wannan roba daga mafitsara har ƙoda don ta riƙe hanya a buɗe kafin kumburin ya saɓe. Kaurinta bai fi na silin taliya ba, wajen milimita 2. Bakinta na sama ya naɗe a cikin ƙoda, na ƙasa ya naɗe a cikin mafitsara, kowanne kamar harafin J, shi ya sa za ki ji likitoci suna ce mata di-je sitent. Wani likita Ba'amurke, Roy Finney, shi ya fito da wannan siffa a 1978, domin waɗanda ake sawa kafin nan sukan zame su bar wurinsu. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ta ceci ƙodar mutane bila adadin. Likitan da ya sa wa maigida ita bai yi laifi ba. Sai dai baƙuwa ce, kuma baƙo raɓa ne. An ɗiba mata mako huɗu, ta yi goma sha shida ko fiye.

Ga inda matsalar take. Yadda Allah ya tsara, bututun nan a karkace yake shiga bangon mafitsara, ta yadda duk sanda mafitsara ta matse don fitar da fitsari, sai bakinsa ya rufe ruf, kada ɗigo ya koma sama. Roba tana hana wannan ƙofa rufuwa. Muddin tana ciki, duk fitsarin da maigida zai yi, wani kaso yana iya komawa ƙoda. Shi ya sa masu ita suke cewa suna jin wani abu ya soke su a kwiɓi daidai lokacin da suke fitsari. In fitsarin tsaf yake, abin bai wuce wannan sukar ba. In kuwa akwai ƙwayoyin cuta a mafitsara, an shimfiɗa musu titi har cikin ƙoda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙoda kuma ba kamar mafitsara ba ce, cike take da jijiyoyin jini, wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ta cikin ƙoda yake ratsawa. Cutar da ta isa can tana dab da shiga jini, kuma rawar sanyin da kika gani sau da yawa alamar hakan ce.

Abu na biyu, ita kanta robar gida ce ga ƙwayoyin. Kin san santsin nan da ke kama cikin randa ko tankin ruwa in an daɗe ba a wanke ba? Irinsa ne yake lulluɓe robar, kuma cikin 'yan kwanaki yake farawa. Ƙwayoyin sukan manne, su fitar da wani abu mai yauƙi su rufe kansu da shi. Magani ya zo ya kashe waɗanda ke yawo a cikin fitsari, zazzaɓi ya sauka, kowa ya ce alhamdu lillahi. Waɗanda ke ƙarƙashin santsin kuwa ko gezau. Ana gama magani da 'yan kwanaki sai su sake fitowa, galibi ma waɗanda suka fi taurin kai ne suka rage. Wannan shi ne abin da nake zaton yana faruwa a gidanki: zazzaɓi ya zo, a yi allura, ya lafa, ya dawo. Kuma haka zai yi ta yi har ranar da aka fitar da robar. Ciwon suga yana ƙara wa wutar fetur. Suga a fitsari abinci ne ga ƙwayoyin cuta, har da funfuna irin Kandida, garkuwar jikin mai suga ba ta da ƙarfi kamar ta sauran mutane, sannan ita cutar tana sa sugan ya hau, sugan da ya hau ya ƙara ciyar da cutar.

Ba kowane ƙorafin mai roba ne cuta ba, kuma yana da kyau ki iya rarrabewa don kada ki yi ta firgita. Kusan takwas cikin goma na waɗanda aka sa wa ita suna jin ta. Yawan fitsari, jin fitsari ya matso ba ya jira, nauyi a mara, sukar kwiɓi da na ambata, fitsari ya yi ja-ja kamar an ɗiga zoɓo a ruwa musamman bayan doguwar tafiya a babur ko ɗaga diloli a shago, duk wannan gogar roba ce, ruwa da hutu sukan rage shi, akwai kuma magani irin tamsulosin da likita kan rubuta don sassauta shi. Abin da roba ita kaɗai ba ta kawowa shi ne zazzaɓi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada, ki daina dogara da bayan hannu. Da zarar ya kai digiri 38, magana ta canza. Haka rawar sanyi, haka amai, haka fitsari mai kauri da wari tare da ciwon kwiɓi da ke ƙaruwa. In kuma kika ga ya fara sambatu ko yana ta barci ba ya son a tashe shi, numfashinsa sama-sama, hannu da ƙafa sun yi sanyi, jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ko ya wuni bai yi fitsarin kirki ba, to cuta ta shiga jini, kuma a wannan hali sa'o'i ake lissafawa. Ki riƙe wannan ma: mai suga da tsoho kan iya kai wa nan ba tare da jikinsu ya yi zafi sosai ba.

Lokacin da nake aiki a ɗakin maza na asibiti an taɓa kawo mana wani dattijo a tsakiyar watan Afrilu, zafin da ko fanka iska mai ɗumi take hurowa. A nannaɗe yake cikin bargo biyu, haƙoransa na haɗuwa, gadon ƙarfen da aka kwantar da shi har ƙara yake yi. 'Ya'yansa suka zube mana leda cike da kwalayen maganin maleriya da na taifot. Babu wanda ya ambaci roba, domin babu wanda ya tuna da ita. Sai da aka ɗauki hoton cikinsa muka ga ta a kwance daga ƙoda zuwa mafitsara. Da aka tambaya, sai babban ɗan ya dafe kai ya ce ai bara waccan aka yi wa Baba aiki, an ce a dawo, sai damina ta faɗi. Ya rayu, amma da ƙyar, kuma ƙodar wannan ɓangaren ba ta sake aiki yadda ya kamata ba.

Wannan ledar magungunan ita ce tarkon da nake so ki kauce masa. A ƙasar nan duk zazzaɓi maleriya ne, in ya ƙi tafiya ya zama taifot. Ba na ganin baiƙen mai kemis ɗinku gaba ɗaya, mai yiwuwa ma ba a gaya masa akwai roba ba. Amma gwaje-gwajen da ake dogara da su suna yaudara. Babban mutum da ya tashi cikin sauro ana iya ganin ƙwayar maleriya a jininsa alhali ba ita ke kwantar da shi ba. Gwajin Widal kuwa, wanda ake yanke hukuncin taifot da shi a ko'ina, yakan nuna akwai a jikin mutane da yawa da ba su da ita. Sannan ga abin da ya fi ruɗarwa: magungunan da ake bayarwa don taifot, irin su sifurofuloksasin da seftiriyazon, suna taɓa ƙwayoyin cutar fitsari su ɗan danne su. Sai mara lafiya ya ji dama, a ce ka gani, da ma taifot ce. Ba a gano cutar ba, an dai rufe mata baki na ɗan lokaci, an kuma koya mata jure magani.

Akwai kuma allurai da ƙwayoyin da ƙodar da ke cikin wahala ba ta so. Jentamaisin, wadda ake yawan yi a kemis, tana iya lahanta ƙoda in ba a auna aikinta ba. Haka dikulofenak da ibuprofen, musamman ga wanda ke zazzaɓi yana amai jikinsa ya bushe. In ciwo ya dame shi kafin ku isa asibiti, farasitamol ya wadatar, amma ki auna zafin jikinsa ki rubuta kafin ya sha, don yana ɓoye zazzaɓi. Jarkar Hajiya ma a dakata da ita. Ba raina maganin iyaye nake yi ba, amma babu saiwar da ke narkar da roba, kuma ba mu san abin da aka haɗa a ciki ba balle mu san yadda ƙodarsa za ta karɓe shi.

Ko da babu zazzaɓi, wata huɗu ya isa a damu, saboda roba tana yin tsakuwa. Ki leƙa cikin butar mai shayi da ke dafa ruwan rijiya kullum, za ki ga wani farin abu ya daskare a gindinta. Haka gishirin da ke cikin fitsari yake daskarewa a jikin robar, kuma wanda jikinsa ya saba yin tsakuwa, kamar maigida, ya fi kowa saurin yi. Wasu ƙwayoyin cutar ma, irin Furotiyas, suna sauya yanayin fitsari ta yadda daskarewar ke ƙara sauri. Likitoci a Saudiyya sun bibiyi masu ciwon tsakuwa da aka sa wa irin wannan roba, suka fitar da sakamakon a 1991. A cikin robobin da aka cire kafin mako 6, kusan kashi 9 cikin ɗari ne suka fara daskarewa. Tsakanin mako 6 zuwa 12, kusan kashi 48. Waɗanda suka haura mako 12, kashi 76. An samu ci gaba a irin robar da ake ƙerawa tun daga lokacin, amma darasin bai canza ba, kuma maigida ya riga ya shiga rukuni na uku. Na ga wadda aka fitar daga jikin dattijon nan a cikin faranti: naɗin ƙasan ya zama dunƙule guda kamar gammo, fari-fari, in aka ƙwanƙwasa da almakashi sai ya yi ƙara kamar dutse. Ramin cikinta ya toshe. Robar da aka sa don ta buɗe hanya ita ta koma murfi.

Akwai mutanen da larura ke sa su zauna da roba shekara da shekaru, kamar wanda bututunsa ya tsuke saboda tsohuwar tsargiya, ko wanda ƙari ya danne masa hanya. Su ma ba roba ɗaya suke zama da ita ba, ana canza musu ita duk bayan wata uku zuwa shida, sai in irin wadda aka ƙera musamman don ta daɗe ce. Na faɗi wannan ne don kada wani a kasuwa ya ce masa ai wane ya shekara da tasa lafiya lau.

Abin da za ku tarar a asibiti kuwa, gara ki sani tun yanzu don kada ya ce an ja masa rai. Ba lalle ne a cire ta a ranar da kuka je ba. Za a fara karɓar fitsarinsa a yi kalcha, wato a shuka shi a ga wace ƙwaya ce ta tsiro da kuma maganin da ke kashe ta, sakamakon yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Gwajin fitsari na nan take ba ya wadatarwa, domin kusan duk mai roba za a ga jini da ƙwayoyin mugunya a fitsarinsa ko da ba shi da cuta. Za a ɗauki jini a duba aikin ƙoda da suga, a ɗauki hoto a ga ko robar tana nan a wurinta da kuma yawan abin da ya daskare a jikinta. In da zazzaɓi, za a kwantar da shi a fara magani ta jijiya ba tare da jiran kalcha ba. In aka ga ƙodar ta toshe kuma da cuta a ciki, sai an buɗe mata hanya da gaggawa, ko a canza robar, ko a sa wata ta baya kai tsaye cikin ƙoda ta zubar da abin da ya taru. Ba a jan roba da ƙarfi a kan cuta, yin hakan na iya watsa ƙwayoyin cikin jini. A kan fara kwantar da cutar, sannan a cire.

In Allah ya sa ba ta daskare ba, cirewar 'yan mintoci ce. Ana sa man kashe zafi a hanyar fitsari, a shiga da siririyar na'ura mai kyamara, a kamo bakinta a zaro, mutum ya sa wandonsa ya tafi gida. Wannan ne aikin da ya guda tun kafin azumi. In ta daskare, sai an koma tiyata an sa shi barci an farfasa abin da ya kama ta, wani lokaci zama biyu ko uku. Kowane mako da aka ƙara yana matsar da shi daga na farko zuwa na biyu.

Wanda ya sa ta ya fi kowa sanin abin da ya bari a ciki, don haka komawa wurinsa ya fi sauƙi. Kada kunyar saɓa alkawari ta hana ku, ba ku ne farko ba. In kuma maigida ya riga ya ƙullaci wurin, Kano ba ta rasa likitocin mafitsara ba, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin mafitsara na Abubakar Imam. A nan zan ɗan karkata in faɗi ra'ayina. Duk asibitin da ke sa wa mutane roba ya kamata ya kasance da littafin da yake rubuta sunansu da ranar cirewa, ya kira su a waya in ba su zo ba, ya kuma nuna musu irin robar a tafin hannu kafin a sallame su. Cewa "ku dawo bayan mako huɗu" ga mutumin da bai gama farfaɗowa daga allurar barci ba bai isa ba. Amma wannan gyara ne na wata rana, ba zai fitar da ta maigida ba.

Yanzu shi kansa. Ni ban yarda kuɗi ne kaɗai ba. Namijin da aka bi ta gabansa da na'ura sau ɗaya, ya sha zafin fitsari na kwanaki, ba ya ɗokin komawa, kuma ba zai ce miki tsoro yake ji ba, sai ya ce kuɗi suke so. Kada ki kama shi da wannan, kada kuma ki ce ai na faɗa maka. Ki same shi bayan ya ci abinci ya natsu, ki yi masa maganar da ɗan kasuwa ke ganewa. Ya lissafa abin da ya kashe a allurai da ƙarin ruwa sau biyu, da kwanakin da shago ya zauna a hannun yara. Ki gaya masa cirewar yau tana iya zama aikin mintoci, ta bayan Sallah mai yiwuwa tiyata ce, in kuma ƙoda ta lalace ga mai suga, wanda da ma ciwonsa yana cin ƙoda a hankali, ana iya kai wa ga wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Ya san abin da wannan ke yi wa jari, da wuya a ce bai taɓa ba da gudunmawar wani da ke kai ba. In ya ce to bayan layya, ki ce masa ragon bana da shi kuke so ku ci.

In bai ji taki ba, kin san wanda yake jin nauyinsa. Yayansa ne, ko amininsa na kasuwa, ko limamin unguwa. Ki kira mutum ɗaya, ba taro ba, ki gaya masa gaskiyar magana a takaice: akwai roba a ƙodarsa da ta wuce wa'adi da wata uku, kuma yana zazzaɓi. Wannan ba tonon asirin miji ba ne.

Hajiya kuwa, kada ki yi jayayya da ita kan sanyi, ba za ki ci riba ba. Maganarta ta yi miki ciwo, na sani, amma uwa ce ta ga ɗanta yana karkarwa ta kama bayanin da ta sani. Ina kyautata zaton ba ta ma san da robar ba, ko ta ɗauka an daɗe da cirewa. Ki je ki gaishe ta, ki yi godiyar magani, sannan ki ce: Hajiya, akwai abin da ke damuna, likita ya bar roba a cikinsa ya ce a cire tun kafin azumi, har yau ba a cire ba, ni kuma ya ƙi jin tawa, ke kaɗai za ki sa shi. Kin mai da ita abokiyar tafiya ke nan. In da hali ma ku tafi da ita asibitin, ta ji daga bakin likita inda cutar ta fito. Wankin sunanki zai fi kyau daga can fiye da daga bakinki.

Kafin a cire da bayan an cire, ya riƙa shan ruwa sosai, lita biyu da rabi zuwa uku a yini, wato ledar fiya wata biyar zuwa shida, sai in likita ya taƙaita masa saboda ƙoda ko zuciya. Da wannan zafin, a cikin rumfa, kada ya jira sai ya ji ƙishi, kada kuma ya riƙe fitsari saboda ciniki. Azumin nafila na goman Zulhajji ya haƙura da shi bana. Ya riƙa auna suga kullum har a gama. Bayan an cire, ɗan zafin fitsari da ɗan jini da ciwon kwiɓi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne, amma ki ci gaba da auna zafin jikinsa safe da yamma har kwana uku, domin zazzaɓi kan iya tasowa bayan an taɓa robar da ta daɗe. In ya taso, ku koma a ranar. Ku kuma tambayi likita ko ya sa sabuwa a madadinta, don wani lokaci ana yin haka, in ya sa, ki sa ya rubuta ranar cirewa a kan katin, ki sa a wayarki, ki gaya wa Hajiya.

Yau da daddare ki nemo takardar sallamar da aka ba ku da duk hotunan da aka ɗauka kafin aiki. Ki haɗa da kwalayen magungunan da ya sha a watan nan, har fankon kwalaben allurar in suna nan, da magungunansa na suga, ki zuba a leda ɗaya. Kada a fara masa wani sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a karɓi fitsarinsa, in kuma yana kan wani yanzu, ki faɗa wa likita sunansa da ranar da ya fara. Da kun isa, tun a wurin yankar kati, kalmar farko da za ki faɗa ita ce: yana da roba a ƙoda wata huɗu, yana da suga, kuma yana zazzaɓi da rawar sanyi.